Amsa ga Maman Sadiya: kar ki sayi wayar nan da aka riga aka haɗa

Wa alaikumus salam Maman Sadiya. Sannu, Allah ya ba yarinya lafiya, ke kuma ya ba ki ladan jinya. Tun jiya na ga tambayarki na kasa wucewa, don duk wadda ta taɓa kwana a zaune da waya a hannu tana kallon kibiya ta soka kai ƙasa ta san abin da kike faɗa. Kin ce Sadiya shekararta 9, tana da ciwon suga, tana kan Libre 2, sensar da ke auna suga, da allurar insulin ta biro, yunit 24 a yini gaba ɗaya, suga na faɗuwa tsakar dare ya haura 250 da asuba. Kuma wani a Jidda ya yi miki tayin waya da AndroidAPS a ciki, manhajar da ke duba lambar sensa ta riƙa umartar famfon insulin da kanta (abin da ake kira luf), duk matakan koyonta a buɗe, wai sai dai ki manna fod, ƙaramin famfon da ake liƙawa a jiki, ki kwanta. Kina tambaya ki saya ko a'a, in kuma a'a me za ki tanada.

Kar ki saya, ƙanwata. Ko kyauta ya ba ki, ki ce kin gode.

Ga lissafin. Mai shan yunit 24 a yini, in kika raba 1800 da 24, yunit ɗaya yana sauke mata suga da kusan 75. Wannan kintace ne na farawa, likita ne zai gyara. Su waɗannan wayoyin na sayarwa, an buɗe matakan ne ta hanyar loda saitin wani, galibi babban mutum, wanda yunit ɗaya ke sauke masa 30 kacal. To a ce sugan Sadiya 220, ana so ya dawo 100. A saitinta yunit ɗaya da rabi da ɗan ɗori take buƙata. A saitin wancan bawan Allah yunit huɗu ne. Huɗu sau 75, ɗari uku ke nan, a jikin da ke da 220. Kuma ba a lokaci ɗaya zai zuba ba balle ki gani ki tsayar. Kaɗan-kaɗan yake turawa duk 'yan mintoci, abin da ake kira SMB, kuma girman kowane turi daga basal ɗin da ke cikin saitin ake auna shi, wato insulin ɗin da famfo ke ɗigawa dare da rana. In basal na babba ne, shingen tsaron ma na babba ne. Haka maxIOB, iyakar insulin ɗin da aka yarda ya taru a jiki.

Irin wannan ya taɓa shiga gidanmu, shi ya sa nake zafi. Ƙarfe goma lamba lafiya lau, har uwa ta yi hamdala ta kashe fitila. Ƙarfe biyu waya ta hau kururuwa, a taɓa yaro a ji rigarsa sharkaf da gumi alhali mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, na aiki, a kira sunansa ya buɗe ido bai gane kowa ba, a kai jus baki yana zuba ta gefe. Famfon ya riga ya tsayar da basal tun ɗazu, amma wanda ya shiga jiki ba ya fitowa, sai ya gama aikinsa na awowi. A kira wanda ya sayar, waya a kashe. Gari ya waye ya ce ai ke ce ba ki iya lissafin abinci ba. Mutum ya karɓi riyal ɗin marainiyar uwa kan abin da masu shi suka rubuta kyauta don Allah, bai san nauyin yaron ba, bai tambayi ko yunit nawa yake sha ba. Ko da ya ce zai sauya miki lambobin, makullin da aka sa wa manhajar hannu da shi yana wurinsa, ranar da sabuwar sigar manhajar ta fito sai kin koma masa da kuɗi. Allah ya isa kawai. Tun da muna maganar, ki tabbata akwai gulukagon, allurar gaggawa mai ɗaga suga, a gida kuma kowa ya san inda yake. Wanda ya suma ba a ɗura masa komai a baki, a kwantar da shi ta gefe, a yi allurar, a kira 997, lambar motar asibiti.

Masu AndroidAPS da gangan suka ƙi rarraba ta a haɗe. Kowa shi zai gina tasa, ko a kwamfuta da Android Studio, ko ta asusun GitHub a burauza, wadda ta fi sauƙi yanzu. A zaurenmu akwai masu zama da ke ta bidiyo har ki gama, ke ke dannawa su suna duba. Abu biyu ki adana kamar igamarki: fayil ɗin makullin da kalmar sirrinsa, sai kwafin saitin da za ki riƙa fitarwa duk wata ki ajiye a wajen wayar. Waya ta faɗa ruwa babu kwafi, matakai sun koma farko.

Matakan nan da kike jin mutane na ƙorafi, su ne karatun. Akwai jarrabawa. Akwai mako guda da manhajar ke ba da shawara kawai, ke ce za ki amince. Sai kwana biyar da za ta iya rage insulin ko ta tsayar amma ba ta ƙarawa. Wallahi wannan kaɗai yana kawar da yawancin faɗuwar dare. SMB sai can gaba. Ki ƙaddara wata biyu zuwa uku.

Kayan aiki: fod ɗin Omnipod DASH yana magana da waya kai tsaye ta bulutut, ba ya buƙatar wata na'ura a tsakani. Omnipod 5 ba ya shiga wannan tsarin, haka Medtronic 780G, su nasu luf ɗin na kamfani ne. In asibitinku ko inshorarku za su ba ki ɗaya daga cikinsu, ki karɓa hannu bibbiyu, ba gasa muke yi ba. Famfon Dana-i ma yana aiki in kin samu hanyar kayan canjinsa. Tsofaffin Medtronic da ake sayarwa na hannu, ni ban ba ki shawara ba, sun tsufa, sai da RileyLink, na'urar da ke haɗa su da waya, kuma ba kowane ne ke karɓar umarni ba. Fod yana kwana uku, da ƙarin awa takwas na uzuri, ba ya tashi sai an zuba aƙalla yunit 85, cikinsa 200. Sadiya 72 za ta sha a kwana ukun, don haka ki zuba wajen 100, kar ki cika ki yi asara. Libre ɗinta kuwa manhajar Juggluco ce ke karanta shi ta miƙa wa AndroidAPS, kai tsaye ko ta xDrip+. In iPhone gare ki, manhajar Loop ko Trio ce maimakon AndroidAPS, da asusun Apple na dala 99 a shekara, kuma ginin da aka ɗora ta manhajar TestFlight ta Apple yana mutuwa bayan kwana 90 in ba a sabunta ba.

Amma fa kafin duk wannan, wannan 250 ta asuba. Ki tashi dare uku ki huda yatsa daidai lokacin da sensa ta ce suga ya faɗi. In yarinya ta kwanta kan hannun da sensar take, lamba na rikitowa tamkar an jefa dutse rijiya, 110 zuwa 55 cikin minti goma, ta juya kuma ta dawo. Ƙarya ce. Ke kuma kin ɗura jus da dabino uku, ga 250 ɗinki. A kan luf ma haka, zai yanke basal a banza. A matsar da sensar inda ba ta dannewa. In kuma faɗuwar gaskiya ce, ki kai wa likita zanen ya duba allurar dare. A luf ba kullum ake buƙatar giram 15 na suga ba, tun da ya riga ya rage insulin, sau da yawa 8 zuwa 10 sun isa, a sake dubawa bayan minti 15. Ƙaryar sama ta fi haɗari, don a kanta yake ƙara insulin. Ranar farko ta sabuwar sensa ki riƙa gwadawa da yatsa. Bitamin C fiye da miligiram 500 a yini yana ɗaga lambar Libre 2. Masu sikila da ke shan haidroksiyuriya, shi kuma sensar Dexcom yake ruɗawa.

Tsawon aikin insulin, DIA, kar ki sa awa uku kamar yadda aka saba a da. Manhajar ba ta karɓar ƙasa da biyar, da yawa bakwai zuwa tara suke sawa. In kin gajarta, za ta ɗauka insulin ya ƙare alhali yana nan, ta ƙara wani a kai. Ki zaɓi "yaro" a wurin nau'in mai amfani.

Zafin Makka ba sai na gaya miki ba. Kwalbar da ba a buɗe ba firji, digiri 2 zuwa 8, nesa da bangon da ke ƙanƙara. Wadda aka buɗe ƙasa da digiri 30, kwana 28. Minti kaɗan a mota a rufe ya isa ya lalata ta. Gumi kuma yana ɗaga fod, bututun ya zame ba ki sani ba. Nan ne haɗarin da masu biro ba su saba da shi ba: babu insulin mai dogon zango a jiki, in famfo ya daina, kiton, gubar da ke taruwa a jini in insulin ya yi ƙaranci, na iya tashi cikin 'yan awowi. Suga ya wuce 250, an yi gyara, awa biyu bai sauka ba, ki daina yarda da waya. Ki auna kiton, ki yi gyara da biro, ki canza fod, ki shigar da allurar a manhaja don ta san da ita. Kiton na jini ya kai 1.5, ko ana amai, asibiti. Biro da Lantus, insulin mai dogon zango, kar su ƙare a firjinki.

Kabsa da mandi, mai ne ke riƙe shinkafar, sugan ya taso bayan awa uku ko huɗu. Ki ba da wani kaso kafin ci, sauran ki shigar a matsayin sitacin da ke shiga a hankali. Kunu da fura akasin haka suke, sai an riga su da kamar minti 15. Ki sayi ɗan sikelin kicin, tuwo ba a kintatarsa da ido. Ranar Umra ki ɗaga maƙasudin suga na wucin gadi a manhajar zuwa 140 awa guda kafin ɗawafi.

Wayar yarinya ki cire wa AndroidAPS da Juggluco takurawar batir, in ba haka ba wayar na kashe su cikin dare, Samsung da Xiaomi sun yi suna a nan. Ki kashe sabuntawar kai-da-kai. Don ki riƙa ganin suganta tana makaranta, akwai shafin intanet na Nightscout da manhajar AAPSClient a wayarki. Tun da Heroku, masaukin da ake ɗora Nightscout, ta rufe na kyauta a 2022 wasu biya suke, wasu sun koma wani masaukin, ki tambaya a nan za a nuna miki.

Likita kuma kar ki ɓoye masa, shi zai fitar miki da basal daga allurar dare. In ya ɗaure fuska, ki gaya masa an gwada AndroidAPS a Niyu Zilan kan mutum 97, yara da manya, aka buga a 2022, masu luf suka samu ƙarin fiye da awa uku a yini cikin mizani. Ki turo zanen kwana 14 na Libre da yawan Lantus ɗin da take sha, ki rufe sunanta, mu duba tare kafin ranar ganinsa.