Tambaya da Amsa: Tara Kuɗi Domin Binciken Cutar Daji ta Yara

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙungiyarmu ta tsofaffin ɗalibai na son tara kuɗi domin binciken cutar daji a jikin yara, amma wasunmu na cewa gara a saya wa majinyata magani kawai. Ta ina za mu fara? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah ya saka da alheri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin yara da matasa 400,000 ke kamuwa da cutar duk shekara. A ƙasashe masu arziki sama da kashi 80 cikin 100 na warkewa, a yawancin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi kuwa ba su kai kashi 30 ba.

Babban abin da ke cinye yaranmu shi ne zuwa asibiti a makare, da barin magani a tsakiya idan kuɗin mota da na allura suka ƙare. Ga misali, dajin Burkitt mai kumbura muƙamuƙi, wanda likita Denis Burkitt ya bayyana a Uganda a 1958, yana girma cikin 'yan kwanaki, amma yana jin magani ƙwarai in an kammala zagayen allurar. Don haka binciken da ya dace da ƙarfinku shi ne na bibiya: yara nawa suka zo, nawa suka daina zuwa, me ya hana su. Kuɗin kira, kuɗin mota da alawus ɗin ma'aikaciyar da za ta riƙe rajista ya isa a fara. Wannan ma ya sasanta gardamarku, domin majinyata ne za su fara amfana.

Ku je wurin shugaban sashen yara na asibitin koyarwa mafi kusa, ku nemi aikin da kwamitin ɗa'ar bincike, mai kare haƙƙin majinyata, ya amince da shi, ku ga takardar da idonku. Ku yi wa ƙungiya rajista a CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi ta ƙasa, a buɗe asusu da sunanta, mutum biyu su riƙa sa hannu. Asusun mutum ɗaya shi ke jawo zargi, ko da mai shi amintacce ne. A rubuta tun farko kaso nawa na bincike, nawa na jinya, a riƙa sakin kuɗin kashi-kashi bayan an ga rahoto da rasit.

Inda ake yawan asara shi ne wurin taron ƙaddamarwa. Hayar zaure da rumfa da riguna su lashe abin da aka tara, manyan baƙi kuma su yi alƙawari a lasifika su tafi. Kada a lissafa alƙawari sai ya shiga asusu. Hoton yaro kuma ba a yaɗa shi sai da yardar iyaye a rubuce. Ranar 15 ga Fabrairu ko watan Satumba sun fi dacewa da gangamin, lokacin da duniya ke maganar cutar.

Tambaya: Zan iya ba da zakkata ga irin wannan aiki? Daga wani ɗan kasuwa a Kano.

Amsa: Alhaji, zakka tana da mutanenta takwas da Alƙur'ani ya ambata. Ka miƙa ta ga talakan da ɗansa ke jinya, bincike kuma ka yi masa sadaka ko waƙafi. Ka tuntuɓi malaminka kafin ka fitar.