Raunin Zuciya: Me Lambobin Takardar Gwaji Ke Faɗi?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Wata biyu da haihuwata na fara haki da kumburin ƙafa, ba na iya kwanciya sai na tara matasai uku. An yi mini hoton zuciya a Asibitin Koyarwa na Tarayya, na ga an rubuta EF 35%. Maƙwabciyata ta ce wai kashi 35 ne ya rage mini na zuciya. Tun ranar barci ya ƙaurace mini. Daga wata maijego, Ƙofar Marusa, Katsina.

Amsa: 'Yar'uwa, sannu da jiki, Allah ya raya abin da aka samu. Maƙwabciyarki ba ta fahimci lambar ba. Ko zuciyar mai ƙoshin lafiya ba ta juye duk jinin da ke cikinta a bugu ɗaya, kashi 50 zuwa 70 take turawa, kuma shi ne EF yake aunawa. Duk abin da ya yi ƙasa da 40 rauni ne, ba zan ɓoye miki ba. Sai dai irin naki, wanda ke biyo bayan haihuwa, mata da yawa zuciyarsu kan farfaɗo idan sun riƙe magani. Shi ya sa ake sake hoton bayan kamar wata shida a gwada shi da na farko. Ki adana wannan takarda a leda, inda ruwa ba zai taɓa ta ba.

Kunun kanwa kuwa, ki haƙura da shi. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan wannan ciwo a wajen masu jego da ke shan sa. Kanwa 'yar'uwar gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, zuciyar da ta gaji kuma ita ke ɗaukar nauyin. Na san iyaye za su matsa, don ƙauna suke yi. Ki zo da gwaggo ko surukarki ranar asibiti su ji daga bakin likita. Ki riƙa hawa sikeli kowace safiya bayan kin yi fitsari. Idan kika ƙara kilo 2 cikin kwana 3, ruwa ne, ki koma asibiti. Kada kuma ki sake ɗaukar ciki sai likitan zuciya ya duba ki.

Tambaya: An ɗora mahaifina kan magungunan raunin zuciya, lisinopril da spironolactone. Bayan mako biyu gwajin ƙodarsa, kiriyatinin, ya tashi daga 100 zuwa 120, fotashiyam kuma 5.2. Sai muka tsayar da maganin. Mun yi daidai? Daga wani malamin makaranta, Daura.

Amsa: Malam, tsoronku na kan hanya, amma tsayar da maganin ba shawarar gida ba ce. Waɗannan ƙwayoyi suna cikin masu tsawaita rayuwar mai raunin zuciya, kuma an san sukan ɗan ɗaga kiriyatinin da farko. Ƙarin da bai wuce kashi 30 cikin ɗari ba likitoci kan lamunta su ci gaba da sa ido, na Baba kashi 20 ne. Fotashiyam, wani sinadari da ke cikin jini, tsakanin 3.5 da 5.0 ake son sa. Nasa ya ɗan haura, sai a sake gwadawa. Idan ya wuce 5.5 a ga likita ranar, idan ya kai 6.0 kuwa gaggawa ce, domin yana iya rikita bugun zuciya.

Ku duba ledar maganinsa. Sau da yawa nakan tarar da diclofenac ko ibuprofen da aka sayo a kemis don ciwon gwiwa, su ne ke wahalar da ƙoda suna tara ruwa. Gudawa, amai, ko zafin watan Afrilu ga mai shan maganin da ke sa yawan fitsari su ma sukan ɗaga lambar kiriyatinin. Ku kai shi asibiti cikin makon nan, da tsohuwar takardar da sabuwar.

Tambaya: PCV ɗina 28 ne, amma an ce zuciyata ce ke ciwo. Ina ruwan jini da zuciya? Daga wata dattijuwa, Rafindadi.

Amsa: Hajiya, PCV ma'aunin yawan jini ne, jininki ya yi ƙasa, ga mace daga 36 ake so. Idan jini ya yi ƙaranci dole zuciya ta ƙara gudu, haki da kasala su ƙaru. Ki nemi a auna miki sinadarin ƙarfe na jini, a kuma binciki inda jinin yake tafiya, musamman idan bayan gidanki ya koma baƙi.