Rauta zan saya, ko tsohuwar kwamfuta ta isa?

Tambaya: Ina da cibiyar koyar da kwamfuta a Jekadafari, cikin Gombe, da kwamfuta 24. Datar da nake saya ta wata ba ta kai mako uku, yara suna ƙarar da ita a kallon bidiyo. Wani ya ce in sayi rautar MikroTik, wato na'urar da ke raba wa kwamfutoci intanet, ƙanena kuma ya ce akwai manhajar kyauta da za ta yi aikin. Wanne zan bi?

Amsa: Malam, ƙanenka bai yi ƙarya ba. Abin da yake nufi shi ne OPNsense ko pfSense, manhajojin buɗaɗɗen tushe, wato waɗanda aka bar rubutun cikinsu a fili, kowa ya duba, ya gyara, ya yi amfani da su ba kuɗin lasisi. OPNsense ma daga jikin pfSense ta ɓalle a 2015. Za ka ɗora ɗaya a kan kwamfutar tebur mai kafar wayar sadarwa guda 2, ɗaya ta karɓi intanet, ɗaya ta raba wa aji. Daga nan sai ka yanka wa kowace kwamfuta gudun da ba za ta wuce ba, ka toshe shafukan da ba ka so, har ka buga tikiti mai lamba wanda ke mutuwa in lokacinsa ya cika. In za ka ƙara kafa ta biyu, nemi katin sadarwa na kamfanin Intel, don shi ya fi shiri da su.

Sai dai kafin ka yi murna, lissafa wuta. Rauta ba ta barci. Tsohuwar kwamfutar tebur kan ci wat 60 ko fiye, ƙaramar MikroTik kuwa ba ta kai wat 10 ba. In a kan sola da inbata kake, wannan bambanci batirinka ne zai biya shi kowane dare. Na taɓa haɗa wa wani shago irin wannan a tsohon akwati, ana ta sa mini albarka, sai da hunturu ya shigo. Ƙura ta cushe fankar har ta daina juyawa, na buɗe na tarar da ita kamar an yi mata lulluɓi da auduga, akwatin kuma yana kashe kansa duk azahar. Tun daga ranar nake cewa a sayi ƙaramar kwamfutar nan marar fanka in da hali.

Manhajar MikroTik, RouterOS, ba buɗaɗɗiya ba ce, ta kamfanin ce da ke Latbiya. Amma masu iya saita ta sun fi yawa a wajenmu. Saboda haka ga hukuncina: in ƙanen nan naka yana gari kuma zai riƙe aikin, ku tafi OPNsense. In ɗan makaranta ne da zai koma jami'ar Kashere bayan hutu ya bar ka da allon da ba ka iya karantawa, sayi MikroTik ka huta. Kowanne ka zaɓa, a ba ka kalmar sirri a hannunka, a kuma adana kwafin saitin a filas.

Tambaya: Ni malama ce a wata makarantar kuɗi a Yalwa, Bauchi. Kwamfutocinmu 18 kullum cikin lalacewa suke, mai gyara kuma kowace guda kuɗinta daban. Sannan ba na ganin abin da ɗalibai ke yi a bayan aji.

Amsa: Malama, abu biyu za su share miki hawaye, kuma duka kyauta ne. Na farko Clonezilla. A gyara kwamfuta ɗaya tsaf, a zuba mata duk abin da ake buƙata, sai a ɗauki hotonta gaba ɗaya, wato kwafin duk abin da ke cikinta, a ajiye a ma'ajiyar waje. Duk wadda ta rikice, a mayar mata da hoton nan, ta dawo yadda take. Ya fi tafiya daidai in kwamfutocin samfuri ɗaya ne, kuma yana shafe duk abin da ke kan wadda aka mayar wa, don haka a kwashe aikin yara tukuna. Kuɗin da za ki kashe na ma'ajiyar ne kawai.

Na biyu Veyon. Daga teburinki za ki ga fuskar kowace kwamfuta a jere, ki kulle su duka lokacin bayani, ko ki nuna musu abin da ke kan taki. Yana aiki a Windows da Linux, wato babbar manhajar kyauta da ke maye gurbin Windows.

Da yake an zo nan: Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba, 2025. Waɗanda suka tsufa har Windows 11 ta ƙi hawa kansu, a gwada musu Linux Mint a madadin Windows, da LibreOffice a madadin Word da Excel. Amma kar ki sauya duka, domin yaran nan Word da Excel za su tarar a ofisoshi.

Tambaya: Na gama karatun kwamfuta, ina son aikin kula da sadarwa. Zabbix zan fara koya ko Nagios? Abokaina sun ce Kali Linux.

Amsa: Ɗan'uwa, ajiye Kali tukuna, Linux ne na masu gwajin tsaro da kutse, ba a fara koyon tuƙi da tirela. Ɗora Ubuntu Server, wani nau'in Linux, irin na LTS mai tallafin shekara 5, ka saba da baƙin allon da ake rubuta umarni. Sai Wireshark, ka ga yadda saƙo ke kai da komo, da Nmap don gano na'urorin da ke kan layi. Nmap ɗin a kan naka layin kaɗai, ko inda aka ba ka izini a rubuce. Biyun da ka ambata manhajojin sa ido ne, masu sanar da kai in wata na'ura ta samu matsala; tsakaninsu ɗauki Zabbix. Nagios tsohon hannu ne, amma yawancin saitinsa rubutu ne a fayil, Zabbix kuwa daga burauza za ka yi mafi yawa. Haɗa shi da rautar gidanku da kwamfuta ɗaya, ka zare wayar rautar da gangan, ka duba ko zai sanar da kai.