Makarantar gilashi: wa zai biya kuɗin wutar tanderu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Shekara tara ke nan ina sana'ar gilashi. Ina yanka gilashi mai launi in haɗa fitilu da adon taga, ina kuma da ƙaramin tanderun lantarki guda ɗaya da nake narka faranti da 'yan kunne a ciki. Mutane sun dame ni in buɗe aji. Wata makarantar yara da wata ƙungiyar mata kuma sun roƙe ni in jagorance su su yi adon bango da gutsattsarin gilashi, amma har yau babu wanda ya yi maganar kuɗi. Ina da ɗan abin da na tara, ina tunanin in ƙara da rance in sayi babban tanderun busa gilashi, tunda shi ne ke jan hankalin jama'a. In ci bashin? Kuma yaya zan yanka kuɗin aji ba tare da na kori mutane ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Bari in fara da tanderun, domin shi kaɗai zai iya haɗiye duk sauran. Kada ki ci bashi a kansa yanzu.

Wanda kike da shi, ke ce mai ikonsa. Ki kunna, ya hau zuwa wajen digiri 800 a ma'aunin Salsiyas, ya sauko, ki kashe, mita ta huta. Na busa kuwa shi ne zai mallake ki. Yana riƙe narkakken gilashi a wajen digiri 1,100 ko sama da haka, dare da rana, saboda tukunyar da ke cikinsa ba ta jure a riƙa hura ta ana kashewa, tsagewa take yi, kuma tayar da shi daga sanyi aiki ne na kwanaki. Ranar da ɗalibai suka zo yana shan gas, ranar da ruwan sama ya hana su zuwa yana sha, kina barci ma yana sha. Kuma ba ya zuwa shi kaɗai. Sai da wani murhun da ake mayar da gilashin ya sake laushi ana tsaka da aiki, sai tanderun hucewa, sai benci da bututun busa da mataimaki. Bayan duk wannan, ɗalibi ɗaya ko biyu ne za su zauna a benci lokaci guda, alhali teburin adon gutsattsari zai ɗauki mutum goma babu ko ashana.

Ga kuma maganar gobara, wadda ba sabuwa ba ce. Tun a 1291 hukumomin birnin Venis, a Italiya ta yau, suka umarci masu tanderu su koma tsibirin Murano don gudun kada birnin ya kama da wuta. Mai gidan da kike haya da kamfanin inshora za su yi miki irin wannan tunanin, sai dai su a kuɗi za su nuna miki shi.

Na san abin da ke ranki. Duk mai wannan sana'a ya ji labarin makarantar gilashi ta Pilchuck da ke jihar Washington a Amurka, wadda shahararren mai sana'ar gilashi Dale Chihuly ya kafa da wasu a 1971. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne filin da aka kafa ta da kuɗin da suka riƙe ta a shekarun farko daga masu tallafa mata, John Hauberg da Anne Gould Hauberg, suka fito. Haka shirin Hilltop Artists na garin Tacoma a wannan jihar, wanda aka fara a 1994, yara na koyon busa gilashi kyauta, amma yana tafiya ne da haɗin gwiwar makarantun gwamnati da masu ba da gudummawa. Yaran ne ba sa biya. Wutar kuwa ana biyan kuɗinta, wani ne yake biya. Ke a yanzu wanin nan ke ce, da rancen da za a fara bin ki tun kafin aji ya cika.

To, mu dawo kan ajin da za ki iya buɗewa da kayan da ke hannunki.

Abin da za ki sayar a ajin kujera ce da kuma wuri a cikin tanderu, kuma na biyun ya fi ƙaranci. Ki auna kantar tanderunki, ki ga ƙananan faranti nawa take ɗauka. Mu ce takwas. Gashi ɗaya, da hawa da tsayawa da hucewa, zai cinye miki kusan kwana guda, domin ba a gaggawa da gilashi: sai an riƙe shi a wajen digiri 500 na wani lokaci ya saki jiki, sannan ya huce a hankali, kuma iya kaurinsa iya tsawon jiran. Ke nan duk ranar da tanderu ke ɗauke da aikin ɗalibai, rana ce da bai gasa kayan sayarwarki ba. Ribar da wannan gashin zai kawo miki da kayanki ne a ciki, ita ce farkon abin da za ki rubuta a lissafin aji. Yawancin masu fara koyarwa nan suke faɗuwa: su ƙirga gilashi da wuta, su manta da abin da suka fasa yi.

Sai ki ɗora sauran: rabon haya na sa'o'in ajin, lantarki, gilashi da ƙarin abin da zai fashe, ƙafafun abin yanka da ke dakushewa, tabarau da safar hannu, da ladanki. Ladanki ba na sa'a ukun da kika tsaya gaban ɗalibai kaɗai ba ne. Har da yammacin da kika yi kina yanka musu gilashi, da safiyar da kika yi kina shara da goge gefen aikinsu. Mu ƙaddara duka ya kama 100, teburinki kuma na mutum takwas ne. Kada ki raba da takwas. Ki raba da biyar, kowace kujera 20, domin aji ba ya cika kullum. In biyar suka zo kin fita, na shida zuwa na takwas su ne ribarki. In ba su kai biyar ba, ki ɗage ajin. Kuma kujera ba ta tabbata sai da kafin alƙalami, wanda ba a mayarwa idan mutum ya fasa a makon ajin. Masu cewa "ki buɗe, mu ne na farko" suna da yawa, ranar biya ce ke tace su.

Tsoron korar mutane da tsada kuwa, maganinsa ki rage girman aikin, ki bar farashin sa'arki yadda yake. Ajin ɗanɗani na sa'a biyu da mutum zai tafi da abin wuya ɗaya, mai son ƙari ya shiga na mako shida.

Akwai wata asara da za ta shigo miki ta ƙofar kirki. Na taɓa zama a shagon wata mai sana'a irin taki, ɗaliba ta zo da shuɗiyar kwalba daga gida, tana so a narka ta cikin farantinta don tunawa da wani. Malamar ta kasa cewa a'a. Farantin ya fito gwanin kyau, aka jera shi a taga, washegari da hantsi muna hira sai muka ji ƙas, ya rabe biyu ba wanda ya taɓa shi. Dalili shi ne kowane irin gilashi da yadda yake buɗewa da zafi yake tsukewa da sanyi. Shi ya sa ake sayar da gilashin narkarwa da lamba, irin su 90 da 96, na yin duwatsun ado a kan harshen wuta galibi 104, irin na kwanukan ɗakin gwaje-gwaje kuma 33. In aka haɗa waɗanda ba su jitu ba, suna jan juna har sai ɗaya ya tsage, wani lokaci bayan makonni. Ki zaɓi lamba ɗaya don makarantar, ki rubuta a bango cewa gilashin waje ba ya shiga tanderu. Malamar nan sai da ta sake gashi kyauta, ta kuma bayar da gilashinta.

Yanzu ayyukan al'umma. Ina son su, kuma suna da amfani ga sunanki, amma shirun da aka yi kan kuɗi ba mantuwa ba ce, ana jira ne a ga ko za ki yi shiru ke ma. Ki koma wa makarantar da ƙungiyar da takarda shafi ɗaya: girman bangon, zama nawa za a yi, mutum nawa, kayan da za a saya, ladanki, wa zai kafa shi, wa zai gyara idan ya fara ɓanɓarewa bayan damina biyu, da kuma izininki na ɗaukar hoton aikin don talla. Ko da kin yi niyyar yafe ladanki, ki rubuta shi cikakke, sannan ki ja layi ki sa "na yafe". Wanda bai ga adadin ba zai ɗauka aikin ba shi da farashi, kuma haka zai gaya wa na gaba. Kuɗin kaya dai kada ya taɓa fita daga aljihunki, a biya shi kafin ki sayi ko buhun siminti ɗaya. Ki kuma yanke wa kanki kwanakin sadaka a shekara, shida ne ko goma, in sun ƙare sai baɗi.

Sa'arki ita ce adon bango ba ya buƙatar wuta, don haka matsalar lamba ba ta shafe shi ba. Kwalaben da jama'a suka tara, fasasshen madubi, da akwatin ragowar yankanki da ke cin wuri a ƙarƙashin tebur, duk sun zama kaya. Ragowar nan ma ki sa mata kuɗi da awo.

Idan wata gidauniya ta ba da tallafi, ki karanta sharuɗɗan tun daga farko har ƙarshe, domin wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma rahotanni da rasidai suna cin lokaci fiye da yadda ake zato. Kada kuma ki ɗauki ma'aikaci ko ki ƙara haya a kan kuɗin da ke da ranar ƙarewa. Masana'antar gilashi ta Ngwenya a ƙasar Eswatini da tallafin Suwidin ta fara a 1979, ta rufe a tsakiyar shekarun 1980, sai a 1987 aka sake buɗe ta a matsayin kasuwanci mai sayar da kayansa, tana narka tsofaffin kwalabe da take saya daga jama'a. Ƙwarewar ma'aikatan tana nan duk tsawon lokacin, kasuwa ce ta dawo da wutar.

Da yara, ki ajiye dalma gefe. Haɗa adon taga da dalma da kuza aikin manya ne, kuma mai juna biyu ma ki nisanta ta da shi. Gugar gilashi a jiƙe ake yi saboda ƙurarsa ba ta fita daga huhu. Tabarau ga kowa, takalmi rufaffe, takardar amincewar iyaye, kuma ki tambayi mai inshora ko abin da kike da shi ya rufe baƙi da ke aiki a shagonki, don sau da yawa kaya kawai ya rufe.

Littafin lissafi uku za ki riƙe: na kayan sayarwarki, na aji, na ayyukan al'umma. In kika haɗa su, shagon zai yi ta ciyar da sauran biyun har ki fara cin uwar kuɗi ba ki sani ba. Bayan wata shida ki duba na ajin, za ki iya tarar da cewa kuɗin bai tsaya a kujera ba. Wanda ya gama koyo ba shi da tanderu a gida, wurinki zai dawo ya sayi gilashi, ya yi hayar kanta, ya biya sa'o'in zama a teburi. Ki sa wa kantar farashi tun yanzu, rabi da cikakkiya.

Busa gilashin kuma, in akwai wani shago da ke da tanderun a inda za ki iya zuwa, ki yi hayarsa yini guda, ki kai ɗalibanki shida da suka biya tun kafin ranar. Ki yi haka sau huɗu ko biyar, ki rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, ki kuma tambayi mai shagon nawa gas ke ci masa a wata. Ki turo mini alƙaluman, sai mu zauna a kan maganar rancen.