Amsa kan jaruman DLC: kar ka yi cinikin biri a sama

Ƙanena, ka sosa min inda yake min ƙaiƙayi. Ka ce ka sayi Tekken 8, ka nemi Eddy da Heihachi ka tarar DLC ne, wato ƙarin jaruman da ake saukewa daban, sai an biya, abokanka suna cewa da gangan aka cire su don a sayar daga baya, kuma ka ga wani bidiyo a YouTube yana lissafo waɗanda wai za su zo nan gaba, shi ne kake tambaya ko ka biya kuɗin fas, wato kuɗin jaruman da za su zo a dunƙule, tun yanzu. Na daɗe ina riƙe da gidan gem, tun zamanin PS2 mai cip har zuwa PS5, kuma wannan musun na sha shi a kan benci da yara har wuta ta ɗauke ta dawo ba mu gama ba.

A gajarce, jarumin da ba a faɗi sunansa ba, ba ka ga yadda yake duka ba, kar ka ba da ko kwabo a kansa.

Abokanka suna da gaskiya, amma rabi. An taɓa kama kamfani dumu-dumu. A 2012 Capcom ta fitar da Street Fighter X Tekken, masu tonon fayil suka buɗe faifan suka tarar da jarumai 12 a ciki an kulle su, daga baya aka sayar da mabuɗin a kan dala 20. Wato abin yana cikin faifan da ka riga ka biya, an dai sa masa kwaɗo ne. Mutane sun yi ca a kan kamfanin, kuma tun daga nan kowa ya shiga taitayinsa. Abin bai mutu ba dai, kama ya sauya. Goro a Mortal Kombat X na 2015, Shao Kahn a Mortal Kombat 11 na 2019, Shang Tsung a Mortal Kombat 1 na 2023, duk a shirye suke ranar fitowa, amma kyauta ce ga wanda ya biya kuɗin gem tun kafin ya fito, saura kuwa su saya daban.

Maganar Eddy kuma, duk wanda ya yi Tekken 3 ya san shi. Yaro ne zai zo da kuɗin aike, bai san kwambo ko ɗaya ba, ya kafa babban yatsa a kan X da O ya yi ta dannawa, Eddy ya kifa kai ƙasa yana juyi kamar fanka, sai ka ga ya kayar da wanda ya yi wata shida yana koyon Jin. Har doka muka taɓa kafawa a shago cewa ba a ɗaukar Eddy sau biyu a jere. Kana ganin Bandai Namco, mai yin Tekken, ba ta san wannan farin jinin nasa ba? Tekken 8 ya fito a Janairun 2024 da jarumai 32, babu shi, kuma shi ne na farkon da aka sayar. Ba ni da shaidar cewa an gama ƙera shi aka ajiye, amma zaɓen wanda za a bari a baya kam lissafin kasuwa ne. Ba ka ajiye kayan da ba a nema a matsayin na ƙarin kuɗi.

Sai dai kafin mu yi ta zagi, mu tuna yadda ake yi a da. Street Fighter II ya fito a 1991, aka yi Champion Edition, aka yi Turbo, aka yi Super a 1993 da sabbin jarumai huɗu, Cammy da Fei Long da Dee Jay da T. Hawk, sannan Super Turbo a 1994. Duk mai son sababbin sai ya sake sayen kaset ɗungurungum. Marvel vs. Capcom 3 ya fito a Fabrairun 2011, kafin shekarar ta ƙare an fitar da Ultimate da ƙarin jarumai 12, wanda ya sayi na farko ya zama kamar ya yi asara. In aka gwada da wancan, sayen jarumi ɗaya-ɗaya rangwame ne. Kuma jarumin gem ɗin faɗa ba riga ba ce da za a ɗinka a kwana biyu, dole a gwada shi da kowane abokin karawa a ga ko bai fi ƙarfin kowa ba.

Yanzu ga inda na fi so ka buɗe kunne, batun jita-jita. Ita fa ta girmi DLC nesa ba kusa ba. A 1992 mujallar EGM ta Amurka ta shirya zolayar watan Afrilu, ta ce akwai wani ɓoyayyen malamin Ryu mai suna Sheng Long a cikin Street Fighter II, ta zayyana sharuɗɗa masu wuyar gaske na yadda za a fito da shi. Asalin sunan ma kuskuren fassara ne, sunan dukan Ryu ne aka juya shi ya koma kamar sunan mutum. Mutane suka yi ta zuba kuɗi a na'ura suna neman wanda babu shi. Bayan shekara biyu sai ga Akuma a matsayin ɓoyayyen jarumi, daga baya kuma Gouken, malamin Ryu na gaske, a Street Fighter IV. Ermac ma haka ya samo asali: wani rubutu ne na ƙirga matsalar na'ura a Mortal Kombat na farko, 'yan wasa suka ce jan ninja ne a ɓoye, aka yi ta yaɗawa, a 1995 masu gem ɗin suka ƙera shi da gaske a Ultimate Mortal Kombat 3. Mu ma muna da namu. Kowane gidan gem akwai yaron da zai rantse maka cewa a gidan yayansa da ke Legas ya ga an buɗe wani jarumi, amma kullum ya manta lambobin.

Abin da kamfanonin suka gane tun wancan lokacin shi ne, musunmu talla ce da ba su biya ko sisi ba. Gem ɗin faɗa yana rayuwa ne muddin ana maganarsa. Shi ya sa ba sa zubo jaruman gaba ɗaya, sai ɗaya bayan 'yan watanni, a nuna inuwa yau, a saki bidiyo gobe a wurin EVO, babbar gasar gem ɗin faɗa, a bar mu muna ta hasashe a tsakani. Katsuhiro Harada, wanda ya daɗe yana jan ragamar Tekken, ya sha nanata cewa Heihachi ya mutu, tunda a ƙarshen Tekken 7 ɗansa Kazuya ya jefa shi cikin dutse mai aman wuta. A EVO na Yulin 2024 sai ga tsoho ya dawo, kuma da kuɗi. Mileena ba ta cikin Mortal Kombat 11 da ya fito, masoyanta suka addabi Ed Boon, jagoran masu yin gem ɗin, a Twitter sama da shekara, duk abin da ya rubuta sai sun cika ƙasansa da sunanta. A Nuwambar 2020 aka sayar musu da ita. Ni a ganina kukan ma kaya ne, ana bari ya nuna kafin a kai shi kasuwa.

To wace jita-jita za ka yarda da ita? Wadda ta zo da abin da ido zai gani ta fi nauyi. A Yunin 2022 zane-zanen jaruman Street Fighter 6 suka ɓulla, mutum 22. Gem ɗin ya fito bayan shekara da 18, ragowar huɗun, Rashid da A.K.I. da Ed da Akuma, su ne cif DLC na shekarar farko. Ka ga shekara guda kafin fitowa an riga an ware na sayarwa. Jerin Kombat Pack, wato fas ɗin Mortal Kombat 1, kuma shafin Amazon na Italiya ne ya yi suɓul da baka ya sake shi, ya kuma tabbata. Amma ko irin wannan ba alƙawari ba ne. Masu tonon fayil sun ga sunan Ash Williams a cikin Mortal Kombat 11 tare da wasu da suka zo daga baya, shi kam har aka rufe gem ɗin bai zo ba. A Oktoban 2018 wani hoto ya karaɗe duniya, wai daga wata maɗaba'a a Faransa, yana nuna sababbin jaruman Super Smash Bros. Ultimate. Manyan masu bidiyo suka yi ta ƙara girman hoton suna kawo hujja, Nintendo ta yi sanarwarta a farkon Nuwamba, sai ga shi ƙarya ce. Mai bidiyo dai ya riga ya ci kuɗin kallonka, ya faɗi daidai ko ya yi kuskure.

Ni hanyar da nake bi ba ta da daɗi amma ta fi cin nasara: ina duba kalanda, ina duba wane ne mai wane. Terminator ya shiga Mortal Kombat 11 a Oktoban 2019, gab da fitowar sabon fim ɗinsa. Omni-Man ya shiga Mortal Kombat 1 a Nuwambar 2023, watan da shirinsa na talabijin ya dawo. Homelander ya zo a Yunin 2024, shi ma watan da sabon zangon shirinsa ya fara. Joker da Peacemaker kuwa 'yan gida ne, Warner Bros. ce ke da DC, ita ce kuma ke da NetherRealm masu yin Mortal Kombat. Terry da Mai sun shiga Street Fighter 6, Ken da Chun-Li suka tafi Fatal Fury: City of the Wolves, ba ni gishiri in ba ka manda. Wanda ya fi ba ni dariya shi ne Cristiano Ronaldo. Ranar da aka nuna shi a cikin Fatal Fury ɗin nan na 2025, yaran shago sun ɗauka haɗin kwamfuta ne. Amma kashi 96 cikin ɗari na SNK, mai yin Fatal Fury, yana hannun wani kamfani na gidauniyar Misk ta Yarima Muhammad bin Salman, Ronaldo kuma yana Al-Nassr ta Riyad tun 2023. Biri ya yi kama da mutum. Ko inda masoya suka yi zaɓe ma, takarda ce ke yanke hukunci: Sora ne ya fi samun ƙuri'a a zaɓen Smash na 2015, amma sai Oktoban 2021 ya iso, don haƙƙinsa yana hannun Disney.

Akwai kuma zargin cewa ana sakin sabon jarumi da ƙarfi fiye da kima don a saya, a rage masa daga baya. Hujjar da kowa ke kawowa ita ce Leroy Smith. Ya shiga Tekken 7 a Disambar 2019, a EVO Japan na Janairun 2020 shida daga cikin takwas na ƙarshe shi suka ɗauka, sannan aka zare masa laka. Ban yarda kullum da gangan ba ne, don akwai na DLC da suka zo ba su tsinana komai ba. Amma in ka saya don ka riƙa cin abokanka, ka sani ƙarfin nan haya ce.

Bari in ba ka nawa kuskuren, don ya fi duk wannan tarihin amfani gare ka. Lokacin Mortal Kombat 11 na sayi faifai a wani shago a kasuwa, ban duba kwalin ba. Akawun ɗina na Amurka ne, kamar na yawancinmu, na sayi katin kuɗi na dala, na biya Kombat Pack, na bar na'ura tana saukewa cikin dare a kan janareto. Har kwali na yanka na rubuta TERMINATOR YA ISO da maka na liƙa a ƙofa. Da safe yara sun cika benci, na kunna, na je wurin zaɓen jarumi, babu shi. Na kashe na kunna, na goge na sake saukewa, data ta ƙare, shiru. Sai wani yaro ɗan sakandare ya ɗauki kwalin faifan ya nuna min alamar shekaru da ke kusurwar ƙasa ta hagu, ya ce, "Yaya, ai wannan PEGI ne." PEGI alamar Turai ce, wato faifan na Turai ne, DLC na Amurka, ba sa jituwa. Laifina ne, ba na kowa ba. Na cire kwalin ƙofa a hankali, na kuma sayi wani faifan mai alamar ESRB ta Amurka.

Ka kuma karanta abin da fas ya ƙunsa kafin ka danna. Waɗanda suka biya fas na shekarar farko a Tekken 8 sun ɗauka komai nasu ne, sai filin Genmaji Temple da ya zo tare da Heihachi aka ce kusan dala 5 ne daban. An yi hayaniya har kamfanin ya ba da haƙuri. Sannan ba a san ranar da za a rufe famfo ba, Mortal Kombat 1 bai cika shekara biyu ba, a Mayun 2025, aka sanar cewa babu sauran sabbin jarumai.

Ni yanzu a shago jira nake yi. Mortal Kombat XL ya zo shekara guda bayan X da kusan komai a ciki, Mortal Kombat 11 Ultimate ya zo a 2020, Street Fighter V da ya fara da jarumai 16 a 2016 ya samu Champion Edition a 2020. Wanda yake gasa ta intanet kullum, shi dole ya bi yayi don ya san abin da zai fuskanta. Kai da ka ce da abokanka kake bugawa a ɗaki, ana sayar da Eddy shi kaɗai, Heihachi ma haka, ka ɗauki wanda hannunka ya saba da shi ka bar fas ɗin har a gama faɗin sunaye. Kafin ka sayi kati dai, juya kwalin Tekken ɗin ka gaya min abin da aka rubuta a kusurwa, PEGI ne ko ESRB, da ƙasar da ka sa a akawun ɗinka.