Gida mai manyan bishiyoyi a Tafo, Kumasi: in saya ko in bari?

Ɗan'uwa, ka ce mangwaro biyu da dogon yaro ɗaya sun sa kana jan ƙafa. Ni dai inuwar mangwaro a zafin Maris ba zan raina ta ba. Abin dubawa yana ƙasa. Ka zagaya da magini kafin ka biya, ku duba katanga, daɓe da ramin masai, domin saiwa ruwa take bi, ta tsaga siminti a hankali. In akwai tsaga, a rage maka kuɗi.

Reshen da ya hau kwano a sassabe shi kafin iskar farkon damina, wajen Afrilu. Reshen da ya taɓa wayar lantarki kuwa, kira ECG, kamfanin wutar lantarki na Ghana, kada ka tura yaro. Sarewa gaba ɗaya, fara tambayar hukumar yankin izini.