Kada ka sayar da babur ɗinka tukuna

Salam. Ƙanena na ga tambayarka tun jiya da daddare, caji ne ya ƙare min sai yanzu na samu zama. Ga waɗanda hirar ƙwallo ta binne masu saƙon: yaron nan yana mastas a fiziks, sufabaiza ɗinshi ya ba shi lissafin wani sinadari da ake son gwadawa a faifan sola, ya saka manhajar lissafin atam mai suna Quantum ESPRESSO a laftof, kwana uku tana ƙugi tana zafi kamar dutsen guga, daga ƙarshe ta sandare. Wani ya ce mashi irin wannan aiki sai sufakwamfuta ta ƙasa, shi ne yake tambaya wai mece ce ita, me take tsinana wa masu bincike, ko kuwa gara ya sayar da babur ya haɗa da kuɗin adashe ya sayi laftof mai ƙarfi.

Kada ka sayar da babur. Ko ka sayi laftof ta miliyan biyu, abin da zai faru shi ne maimakon ta sandare a kwana uku sai ta kai sati, ka tashi ba babur ba sakamako, kana bin Keke daga Ƙofar Ƙaura kullum.

Ni digirina na uku a Afirka ta Kudu na yi shi, kan ruwan saman yankinmu na Sahel, kuma kusan duk lissafina a injin ƙasarsu na yi. Cibiyar sunanta CHPC tana Cape Town, gwamnati ce ta kafa ta a 2007, injin da muka yi aiki da shi sunanshi Lengau, wato rabbi a yaren Setswana, dabbar nan mai gudu. An ƙaddamar da shi a 2016. To abin da ya fara ba ni mamaki, ni na ɗauka wata ƙatuwar kwamfuta ce guda ɗaya mai allo kamar bango. Ashe kwamfutoci ne sama da dubu aka jera a cikin kabad-kabad na ƙarfe, ba allo ba madannai, kowacce tana da ƙwaƙwalwar lissafi 24, jimla sama da 32,000, an haɗa su da wayoyi masu saurin gaske. Kuma in ka ɗauki ƙwaƙwalwa ɗaya ka gwada ta da ta laftof ɗinka ba wani fin ta gudu ta yi ba. Yawa ne da haɗin kai.

Gayya ce kawai. Duk wanda ya taɓa zuwa gayyar noma a ƙauye ya gane zancen. Gonar da mutum ɗaya zai yi wata yana fama da ita, in aka tara samari arba'in aka raba masu kunya-kunya kafin azahar an tashi. Amma ka san in ka kira mutum ɗari biyu gayyar 'yar gonar bayan gida, sai dai a yi ta karo da juna ana taka shuka, surutu ya fi aikin yawa. Haka injin nan yake, kowace ƙwaƙwalwa tana gama nata yankin dole ta jira maƙwabciyarta su yi musayar abin da ke kan iyaka sannan a ci gaba, in ka raba ƙaramin aiki ga ƙwaƙwalwa dubu lokacin duk a musayar zai tafi.

Bari in ba ka misali da fannina don ka ga dalilin da ya sa laftof ba ta iyawa. Manhajar da muke amfani da ita, WRF, tana yanka sararin samaniya ne gida-gida kamar na dara, ta lissafa iska da zafi da laima a kowane gida, ta matsa gaba da 'yan daƙiƙoƙi ta sake lissafawa. In kowane gida faɗinshi kilomita 32 ne, to Katsina da Batagarawa duk gida ɗaya suka faɗa, alhali kai ka san ana iya sheƙa ruwa a Batagarawa a cikin gari ko yayyafi babu. Hadarinmu mai tasowa daga gabas da guguwa a gaba ba ya fitowa da kyau sai ka matse gidajen zuwa wajen kilomita 4. Matsalar, duk sanda ka raba faɗin gida biyu aikin ninkuwa yake kamar sau 8, don gidajen sun ninka ta tsawo sun ninka ta faɗi, takun lokacin ma dole ka rage shi. Daga 32 zuwa 4 rabi uku ke nan, 8 sau 8 sau 8, sau 512. Abin da laftof za ta yi a kwana ɗaya ya koma shekara da kusan rabi. Kuma irin wannan lissafin ake buƙata in ana son gane ruwa mai ƙarfi irin wanda ya yi ɓarna a Jibiya a 2018. Naka aikin ma haka yake ko ya fi, in ka ninka yawan atam lissafin ba ninki biyu yake ba, kusan takwas ne, ga wurin ajiya na wucin gadi da yake cinyewa, shi ya sa ta sandare.

Yadda ake amfani da shi kuwa, ba zuwa ake a zauna a gabanshi ba. Ni duk zamana sau ɗaya na ga injin da idona, ranar da aka kai mu ziyara, sanyi da ƙarar fanka kamar kana tsaye bayan injin niƙa. Daga ɗakinka kake shiga ta intanet, baƙin allo da rubutu zalla, tsarin sarrafa kwamfuta mai suna Linux, ba linzami ba hoto. Malaminka ne ke rubuta takardar neman izini ya bayyana binciken, a ba shi kaso na awoyi, shi kuma ya sa sunayen ɗalibanshi. Awoyin nan kamar kuɗi ne a asusu: ka riƙe ƙwaƙwalwa 240 na awa 10, an cire maka 2,400, wanda laftof mai ƙwaƙwalwa 4 sai ta yi kwana 25 ba a ɗauke wuta ba kafin ta biya shi. Sai ka rubuta ɗan fayil ka ce ina son kaza na tsawon kaza, ka tura, ka shiga layi. Layin niƙa sak, sai dai nan mai ƙaramin kwano yakan riga mai buhu, don in gurbi ya samu ana cusa ƙananan ayyuka a ciki.

A nan na sha kunyata ta farko. Zumuɗi ya sa na nemi ƙwaƙwalwa da yawa, na kwana biyu a layi ina duba waya ko a masallaci hankalina na can, da layi ya zo kaina aikin ya mutu cikin daƙiƙa huɗu. Harafi ɗaya na rubuta babba a sunan fayil maimakon ƙarami. Na biyun ya fi ciwo, na nemi awa 24, ashe aikin awa 26 yake so, lokaci na cika injin ya yanke shi ba sallama, ni kuma ban saita ya riƙa ajiye inda ya kai ba. Awoyi dubbai na kason malamina suka bi ruwa. Matar da ke teburin taimako na cibiyar ce ta amsa min imel washegari, ba faɗa ba gori, ta nuna min yadda zan sa ya riƙa ajiyewa duk bayan 'yan awoyi in ya katse in ɗora daga nan, ta kuma ce in gwada da ƙwaƙwalwa 24, da 48, da 96, in ga inda ƙarin ya daina amfani. Wallahi na gwada, na ga rabin abin da nake nema ya ishe ni.

Shi ya sa in ana zancen nan ana ta kiran ƙarfin inji ni mutanen nake tunawa. Su ne ke saka manhajojin su daidaita su, irin naka Quantum ESPRESSO da GROMACS na masu binciken magani duk a shirye za ka tarar, su ne ke koyar da ɗalibai duk shekara, har ɗaliban digirin farko da suka horar suka je Jamus a 2013 suka ciyo gasar haɗa irin waɗannan injina ta duniya. Mai nazarin taurari da mai nazarin ƙwayar cuta da injiniyan ma'adinai duk layi ɗaya muke bi, jami'a mai kuɗi da ta karkara kaso ɗaya ake yi masu bisa aikin da suka kawo. Ma'anar a ce ta ƙasa ke nan.

Lengau ma ƙarami ne in aka fita waje. Shi yana lissafi kamar miliyan sau biliyan a daƙiƙa. Frontier na Amurka da ke Oak Ridge shi ya fara haye biliyan sau biliyan a 2022, ninki dubu ke nan, kuma yana shan wuta sama da megawat 20. Injinan iskar nan na Lambar Rimi gaba ɗayansu megawat 10 aka tsara su bayar, ka ga ko suna juyawa duka rabin cikinshi kawai za su cika. Fugaku na Japan da shi aka yi kwaikwayon yadda feshin tari ke yawo a jirgin ƙasa da ofis lokacin korona a 2020, aka ga amfanin takunkumi da buɗe taga ƙiri-ƙiri. Na Finland kuma, LUMI, a tsohuwar masana'antar takarda aka girka shi, zafin da yake fitarwa da shi ake ɗumama gidajen garin. Mu da zafin Afrilu, sanyaya shi kaɗai wani kasafi ne. Amma ba hujja ba ce, Maroko ta kafa nata injin mai suna Toubkal a 2021. A ganina da kowane sashe a jami'o'inmu ya riƙa sayen 'yan injina biyu uku suna kwanciya saboda wuta da rashin mai kula, gara a tara wuri ɗaya mai tsayayyar wuta da ma'aikata na dindindin kowa ya shiga daga inda yake. Na bar wannan, kar a ce na shiga siyasa.

Kai yanzu abin yi. Laftof ɗinka ta isa koyo, rage aikin zuwa atam biyu ko huɗu, ka tabbata komai na tafiya daidai, ka rubuta minti nawa ya ci, don duk wanda za ka roƙa awoyi abin da zai fara tambayarka ke nan. Ka zauna ka koyi Linux sosai, sati biyu ya isa ka daina tsoron baƙin allo. Sannan ka samu Malam cikin ladabi ka tambaye shi ko yana da abokin bincike a waje, don ƙofar shiga irin waɗannan cibiyoyi haɗin gwiwa ce, wanda ke da kaso a can shi zai sa sunanka, ku fitar da takarda tare. Ka riƙa leƙa shafin ICTP, cibiyar binciken fiziks da ke Trieste a Italiya, suna shirya horo kan wannan fanni kuma suna ɗaukar 'yan ƙasashe irin namu. Data ma ba za ta cinye ka ba, rubutu ne ke kai da komo, ni daga tsakar gida a nan Katsina na ƙarasa babina na ƙarshe da sabis ɗin waya, in ya yanke aikin na can yana tafiya abinshi. Manyan fayiloli dai kada ka sauko da su, tace su a can ka ɗauko ɗan abin da za ka zana.

Turo min ta gefe yawan atam ɗin da ka saka da abin da ta rubuta kafin ta sandare. In kana gari ranar Asabar bayan la'asar ka zo da laftof ɗin mu duba, ka taho da cajarka don tawa ba irin bakinta ba ce.